Yadda Ake Shirya Farantin Cuku da Biskit Mai Gishiri Domin Walimar Biki

Farantin cuku da biskit yana cikin abubuwan da suka fi rage wa mai masaukin baƙi wahala a ranar walima, domin ba ya buƙatar tsayuwa a gaban wuta, ana iya kammala mafi yawan aikinsa tun da wuri, kuma baƙi suna ɗiba da hannunsu gwargwadon sha'awarsu yayin da ake gaishe-gaishe ko ake jiran babban abinci. Sai dai wannan sauƙi yana yaudarar mutane da yawa, har su ɗauka cewa tara kaya a kan katako shi ne iyakar aikin. Na sha ganin farantin da aka ɓata masa lokaci mai yawa, aka cika shi da cuku iri takwas ko goma, aka lulluɓe shi da ganye da 'ya'yan itace, amma har aka tashi walima ba a ci rabinsa ba, saboda an kawo cukun da sanyin firiji a jikinsa, biskit ya yi laushi, kuma babu wanda ya san ta inda zai sa wuƙa. Abin da yake gyara farantin cuku shi ne a zaɓi iri kaɗan waɗanda suka bambanta da juna sosai, a fito da su a lokacin da ya dace, sannan a jera su ta yadda baƙon da yake tsaye, riƙe da kofi a hannu ɗaya, zai iya ɗauka ba tare da neman taimako ba.

Da lissafi ake farawa. Idan farantin zai zo ne kafin babban abinci, giram 50 zuwa 60 na cuku ya ishi mutum ɗaya, wato kimanin rabin kilo ko fiye da haka kaɗan ga mutum goma. Idan kuwa shi ne jigon abin da za a ci a wurin, sai a ninka wannan adadi. Iri uku sun wadatar ga ƙaramin taro, iri biyar kuma sun isa ko da taron ya yi girma, domin idan mutane suka ƙaru, girman kowane yanki ake ƙarawa. Babban yanki ya fi jure iska, ba ya saurin bushewa, kuma ya fi cika ido fiye da ƙananan gutsattsari da aka warwatsa ko'ina.

Zaɓen cukun shi ne inda ya kamata a fi natsuwa. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a duba abu biyu, wato taurin cukun da kuma dabbar da aka tatsi madararta, ta yadda kowane iri zai kawo abin da sauran ba su da shi. A ɓangaren mai laushi, Brie da Camembert na ƙasar Faransa su ne aka fi sani. Dukansu da madarar shanu ake yin su, kuma farin ɓawon da yake jikinsu wata fumfuna ce da ake sa wa cukun da gangan domin ta nunar da shi daga waje zuwa ciki, saboda haka ana cinsa tare da ɓawon. Ana gane nunannensa idan an danna gefensa da yatsa ya lotsa kaɗan, idan kuwa ya fara wani wari mai hawa kai mai kama da na maganin wanke-wanke, to ya wuce lokacinsa, kada a kai shi gaban baƙi. Wanda yake son wani abu mai ɗan tsami zai iya ɗaukar sabon cukun akuya, wanda yake fari fat, mai sauƙin shafawa a kan biskit, kuma yana karɓar zuma ƙwarai.

Daga nan sai mai matsakaicin tauri, kuma shi ne yawanci yake fara ƙarewa, domin manya da yara duk suna cinsa ba tare da ɗari-ɗari ba. Gouda na ƙasar Holan, idan bai daɗe a ajiye ba, yana da taushi da ɗanɗano marar ƙarfi, amma idan ya shekara biyu ko fiye sai ya yi duhu, ya taurare, ya ɗauki wani gardi mai kama da na sukarin da aka soya. Gruyère na Suwizalan ba a fitar da shi kasuwa sai ya yi aƙalla wata biyar a ɗakin ajiya, ɗan uwansa Comté na tsaunukan Jura a gabashin Faransa kuma sai ya yi aƙalla wata huɗu. Idan ana so a shigo da madarar tumaki, Manchego na yankin La Manca a Sifaniya ya dace, kuma ana sayar da shi ne bisa tsawon zaman da ya yi, daga mai 'yan watanni zuwa wanda ya shekara. A ganina wanda ya yi wata shida ya fi dacewa da taro, domin ɗanɗanonsa ya fito sosai amma bai bushe ba.

Mai tauri shi ne yake kawo gishiri da kaifin ɗanɗano. Cheddar, wanda ya samo sunansa daga wani ƙauye a gundumar Somaset ta Ingila, yana ƙara ƙarfi gwargwadon daɗewarsa, kuma launin ruwan lemu da ake gani a jikin wasunsa rini ne daga 'ya'yan wata bishiya da ake kira anato, ba alamar nuna ba ne. Parmigiano Reggiano na arewacin Italiya ba ya samun wannan suna sai ya yi aƙalla wata 12 a ajiye, kuma waɗanda suka yi wata 24 ko 36 suna da wasu ƙananan fararen ƙwayoyi masu ƙaras-ƙaras a baki. Mutane da yawa suna zaton gishiri ne ko kuma alamar lalacewa, alhali wani sinadari ne da yake fitowa daga furotin ɗin madara yayin da cukun yake tsufa, kuma masana cuku suna murna da ganinsa.

Iri na ƙarshe shi ne mai shuɗin zane a cikinsa, kuma a nan ne ra'ayin baƙi yake rabuwa, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Roquefort, wanda ake yi da madarar tumaki ana nunar da shi a kogunan dutse na kudancin Faransa, shi ne cukun farko da dokar ƙasar ta kare sunansa a shekarar 1925, kuma yana da gishiri da kaifi sosai. Stilton, wanda ba a yarda a yi shi ba sai a gundumomi uku kacal na Ingila, ya daɗe yana cikin abincin Kirsimeti a can. Ga wanda bai saba ba, Gorgonzola na Italiya, musamman nau'insa mai taushi da ake kira dolce, ya fi sauƙin shiga baki. Ina ba da shawarar a sayi wannan iri kaɗan, kamar rabin abin da aka saya na sauran, domin masu sonsa ba su kai masu gudunsa yawa ba a mafi yawan taruka, ko da yake masu sonsa ba sa yafe rashinsa.

Kafin a biya kuɗi, ya kamata a tuna da baƙin da za su ci, a kuma karanta rubutun da yake jikin kunshin. Ana daskarar da madara ne da wani sinadari da ake kira renet, wanda a gargajiyance ake samu daga tumbin ɗan maraƙi, ko da yake yanzu akwai wanda ake samarwa daga tsirrai ko ƙananan halittu. Baƙon da ba ya cin abin da ya fito daga yankakkiyar dabba, ko wanda yake kula da yadda aka yanka ta saboda addininsa, yana da haƙƙin sanin wanne aka yi amfani da shi, kuma Parmigiano Reggiano na asali da renet ɗin maraƙi kaɗai ake yinsa. Mata masu juna biyu kuma suna da tasu ƙa'idar. Hukumar lafiya ta Birtaniya, wato NHS, tana ba su shawarar su guji cuku mai laushi mai farin ɓawo irin Brie da Camembert, da mai laushi mai shuɗin zane irin Roquefort da Gorgonzola, sai dai idan an dafa shi har ya yi tururi, saboda ƙwayar cutar listeriya wadda take iya hayayyafa ko a cikin firiji. Mai tauri irin Cheddar, Gruyère da Parmigiano ba shi da wannan matsala. Waɗanda sukarin madara yake damun cikinsu su ma sun fi samun sauƙi da tsohon cuku mai tauri, domin kusan duk sukarin ya ƙare yayin da yake ajiye.

Biskit shi ne abin ɗaukar cuku zuwa baki, saboda haka bai kamata ya danne shi ba. Mafi yawan abin da za a ajiye ya zama siririn biskit marar zaƙi, marar kayan ƙamshi, wanda aka yi da fulawa da ruwa da ɗan gishiri, domin yana tafiya da kowane irin cuku. Sai a ƙara iri ɗaya mai ƙwayoyi ko na cikakkiyar alkama, wanda yake da ƙarfin ɗaukar Cheddar da Gouda, da kuma iri ɗaya mai ɗan zaƙi, kamar wanda aka sa wa busassun 'ya'yan itace, domin ya raka mai shuɗin zane da cukun akuya. Biskit mai ɗanɗanon tafarnuwa, albasa ko barkono mai ƙarfi ya fi kyau a bar shi, domin duk cukun da aka ɗora masa ɗanɗanonsa ɗaya zai koma. Ni nakan lissafa guda takwas zuwa goma ga kowane mutum, in ajiye wasu a rufe domin ƙari. Yankakken burodi mai ɓawo da aka ɗan gasa yana taimakawa wajen cuku mai narkewa, wanda siririn biskit yake karyewa a ƙarƙashinsa. Idan akwai baƙon da alkama take cutarwa, a ware masa biskit ɗin shinkafa ko na masara a kwanonsa daban, nesa da inda ɓurɓushin sauran zai faɗa.

Abubuwan rakiya aikinsu shi ne su wanke baki daga maiƙo da gishiri, su sa a ji sha'awar ƙara loma. Ana buƙatar mai zaƙi, mai tsami da mai ƙaras-ƙaras. Zuma tana sassauta kaifin Roquefort da Stilton, jam ɗin ɓaure yana dacewa da Brie, tuffa kuma abokiyar Cheddar ce. A Sifaniya ana cin Manchego da wani daskararren zaƙi da ake dafawa daga 'ya'yan itacen kwins masu kama da tuffa, wanda suke kira membrillo, kuma duk wanda ya samu ya gwada. Zaitun da ƙananan kokwamba da aka tsima a ruwan khal suna kawo tsami, almon da walnot da fistashiyo kuma, waɗanda ƙwayoyi ne na itatuwa da ake ci kamar gyaɗa, suna kawo ƙaras-ƙaras, musamman idan an ɗan gasa su minti kaɗan. Sai dai ƙwayoyin nan suna cikin abubuwan da suka fi tayar wa mutane alaji mai haɗari, wato mummunan martanin jiki ga wani abinci, saboda haka a zuba su a ƙaramin kwano maimakon a watsa su a tsakanin cuku, idan kuma an san akwai mai wannan lalura a cikin baƙi, a bar su gaba ɗaya. Idan yara ƙanana za su halarta, a tsaga inibi a tsaye gida biyu ko huɗu domin kada ya shaƙe su, kuma kada a ba jaririn da bai kai shekara ɗaya ba zuma.

Farantin kansa ba sai na musamman ba. Faffaɗan katakon yanka mai tsabta, babban tire, ko shimfiɗaɗɗen dutsen marmara duk suna yi, kuma dutse yana da fa'idar riƙe sanyi a ɗaki mai ɗumi. Katakon da aka saba yanka ɗanyen nama ko albasa a kansa bai dace ba, domin cuku yana saurin ɗaukar wari. Idan tire ne na ƙarfe, a shimfiɗa takardar gashi a kansa, wato wadda ake sa wa tire idan za a gasa burodi ko kek. Kowane cuku ya samu wuƙarsa, domin wuƙar da ta shiga Roquefort idan ta koma kan Brie ta riga ta ɓata shi, sannan a tanadi ƙananan cokula na zuma da jam, da ɗan kwanon da za a zuba ƙwallon zaitun.

Lokaci shi ne abin da aka fi sakaci da shi. Sanyi yana daskarar da kitsen da yake cikin cuku, ya kulle ƙamshinsa, shi ya sa cuku mai daraja yake zama lami idan an ci shi da fitowarsa daga firiji. A fito da shi minti 30 zuwa awa ɗaya kafin zuwan baƙi, mai tauri da babban yanki ya fi buƙatar awa cikakkiya, mai laushi kuma rabin awa ta ishe shi, musamman idan garin da zafi. A bar shi a rufe da tsabtataccen ƙyalle ko babban kwano a kife domin kada samansa ya bushe. Yanka kuwa ya fi sauƙi tun yana da sanyi. A cire kakin da yake jikin Gouda da ɓawon Manchego, domin ba a cinsu, sannan a yanka Manchego sirara masu kusurwa uku, Gouda da Cheddar kuma a yi su sala-sala ko ƙananan dunƙulalle. Parmigiano ba a yanka shi sumul, ana soka masa tsinin wuƙa ne a murɗa, ya ɓare gutsure-gutsure bisa tsarin jikinsa. Brie da mai shuɗin zane a bar su a dunƙule, amma a cire yanka ɗaya ko biyu a ajiye a gefensu, domin mutane suna jin nauyin zama na farkon da zai taɓa abin da ba a fara ba. Yankan Brie daga tsakiya zuwa baki ake yinsa, yadda kowa zai samu rabonsa na tsakiyar da ta fi narkewa tare da ɓawon. Kada a yanka komai da komai tun da safe, domin gefen yankakken cuku yana bushewa ya yi gumi.

Wajen jerawa, a fara da cukun, a raba su nesa da juna a kan farantin, mai ƙarfin wari a can gefe ɗaya, sannan kowanne ya samu filin da wuƙa za ta motsa ba tare da ta ture inibi ƙasa ba. Bayan haka sai a ajiye ƙananan kwanoni na zuma, jam da zaitun, kowanne kusa da cukun da ya fi dacewa da shi, ta yadda baƙo zai gane haɗin da kansa. Duk abin da yake da ruwa ko mai to a cikin kwano zai zauna. Inibi a yanka reshensa ƙanana-ƙanana, kowanne mai 'ya'ya biyar ko shida, a wanke a tsane shi sarai, tuffa kuma a yanka ta a ƙarshe a shafa mata ruwan lemun tsami domin kada ta yi duhu. Biskit shi ne na ƙarshen hawa, mintuna kaɗan kafin a buɗe ƙofa, kuma kada ya jingina da 'ya'yan itace ko cuku mai laima. Idan farantin ya matse, a sa biskit a kwando a gefe, wannan ya fi a cusa shi inda zai jiƙe. Ƙananan takardu masu ɗauke da sunan kowane cuku da irin madararsa suna rage yawan tambaya, kuma suna taimakon masu lalura waɗanda ba sa son bayyana ta a cikin taro.

Adon biki yana fitowa ne daga launi, kuma abin da ake ci ya isa ya samar da shi. Ja daga 'ya'yan rumman, busasshen kiranberi (wasu ƙananan jajayen 'ya'yan itace masu tsami) ko jan inibi, kore daga rassan rosmari, zaitun da fistashiyo, ruwan zinariya daga busasshen afirikot da zuma, duk a kan farin cuku, sun wadatar. Ana iya birgima sandar cukun akuya a cikin dakakken fistashiyo da kiranberi, ko a jera komai a zagaye kamar kambi a kan faranti mai da'ira, a sa kwanon zuma a tsakiya. Abin da zan ja kunne a kansa shi ne kada a ɗora ganye ko furen ado wanda ba a tabbatar ana cinsa ba, domin wasu tsirran da ake ƙawata ɗaki da su a lokutan biki suna da guba, kuma duk abin da yake kan faranti yaro zai ɗauka abinci ne. Wanda yake son ƙara wani abu mai ɗumi zai iya tsaga saman Camembert da wuƙa, ya gasa shi a ƙaramin kasko na minti 15 zuwa 20 a zafin digiri 180 na Selshiyas, ya zuba masa zuma, ya kawo shi da zafinsa tare da gasasshen burodi.

Bayan an ajiye farantin, sai a riƙa duba agogo. Ƙa'idar da ma'aikatar noma ta Amurka take bayarwa ita ce kada abinci mai saurin lalacewa ya wuce awa biyu a waje, idan kuma zafin wurin ya haura digiri 32 na Selshiyas to awa ɗaya ce, kuma lissafin yana farawa ne tun daga fitowarsa daga firiji. Wannan ya fi shafar cuku mai laushi da yankakkun 'ya'yan itace, domin mai tauri ya fi juriya. Dabarar da ta fi dacewa a walimar da za ta ɗauki lokaci ita ce a raba kayan gida biyu, a fitar da rabi, a bar rabi a firiji, idan na farko ya ja baya sai a kawo na biyu a sabon faranti maimakon a zuba sabo a kan tsoho. A kuma nisanta farantin daga rana, kyandir da duk wani abin ɗumama ɗaki.

Cuku mai laushi da ya wuce awa biyu a waje a zubar da shi. Mai tauri da ya rage a yanke gefen da ya bushe, a naɗe kowanne daban a takardar gashi ko takarda mai kaki, sannan a sa shi a roba mai murfi a aljihun kayan lambu na firiji, domin leda mai mannewa tana hana shi shan iska har ya ɗauki warinta. Idan daga baya fumfuna ta fito a jikin mai tauri, ana iya yanke wurin tare da kimanin santimita biyu da rabi a kewayensa da ƙarƙashinsa, a ci sauran, amma idan baƙuwar fumfuna ta fito a jikin mai laushi to duka ake zubarwa. Biskit ɗin da ya yi laushi a shimfiɗa shi a tire, a sa a obin mai zafin digiri 150 na kimanin minti biyar, a bar shi ya huce sarai kafin a mayar da shi cikin gwangwani mai rufuwa ruf.